Tambaya da Amsa: Yaran da ke Nesa da Akwatin Masallacin Unguwa

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon a kan yaran ƙasashen da yaƙi da yunwa suka ɗaiɗaita ne. Mun zaɓi shida daga cikin birnin Kano, mun miƙa su ga masu amsa mana tambayoyin fiƙihu da na lafiyar yara da aikin agaji.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni na'ibin limami ne a wani masallacin Juma'a a Gwale. Sau uku ina magana a kan yaran Gaza da Sudan, mutane har da hawaye, a yi alƙunutu, amma da aka zagaya da akwati abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Juma'a ta gaba kuwa kamar ba a taɓa maganar ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Hawayen jama'arka na gaskiya ne. Abin da ya rage shi ne a nuna musu inda za su sa hannu, kuma a nan ne yawancin huɗubobi kan tsaya.

Mu fara da alƙaluma. Idan ka ce yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya raba mutum fiye da miliyan 10 da gidajensu, gaskiya ka faɗa, amma mai naira 1,000 a aljihu zai ji kuɗinsa ɗigo ne a kogi, sai ya mayar da hannu. A 2007 masanin halayyar ɗan Adam Paul Slovic da abokan aikinsa sun gwada wannan a Amurka. Waɗanda aka ba labarin yarinya ɗaya 'yar shekara bakwai daga Mali sun fi waɗanda aka ba jerin miliyoyi bayarwa, kuma da aka haɗa labarin da alƙaluman sai bayarwar ta ragu. Saboda haka ka ɗauki wuri ɗaya da labari ɗaya, wanda ka samo daga majiya ingantacciya. Kada ka ƙaga, kada ka ƙara gishiri. Mumbari ba ya ɗaukar wannan, kuma ranar da aka gano, an gama da akwatinka.

Sannan ka matso da wurin kusa. Ga Bakano, Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce. Hanyar da kakanninmu suka bi zuwa Makka da ƙafa ta nan take: Maiduguri, Injamena, Abeshe, Adire, Janaina, Fashir, Ubayyid, har bakin Bahar Maliya. Garin Adire da ke cike da 'yan gudun hijira a yau zangon alhazanmu ne na jiya. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau ana Hausa a can. Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci (SAS), da malaman Sudan ta fara. Ka tambayi sahun gaba ko akwai wanda wani nasa ya tafi hajji ta ƙasa bai dawo ba, ko wanda ɗansa yana cikin ɗaliban da aka kwaso daga Hartum a 2023. Za ka ga hannuwa. Daga nan, idan ka ce an tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam kusa da Fashir a watan Agusta 2024, maganar dangi kake yi.

Tsarin tara kuɗin kuwa yana cikin hadisin Jarir ɗan Abdullahi da Muslim ya ruwaito. Mutanen Mudar suka iso Madina ba takalmi, ba suturar kirki, sai fuskar Manzon Allah (SAW) ta canja saboda halin da ya gan su ciki. Ya sa Bilal ya kira salla, ya yi salla, ya karanta farkon Suratun Nisa'i da ayar Suratul Hashri, sannan ya ambaci dinari da dirhami da tufa da sa'in alkama da sa'in dabino, har ya sauko kan tsagin dabino. Wani mutumin Ansar ya fara kawo jaka mai nauyi, sai mutane suka biyo shi har aka yi tuli biyu. Duba da kyau, Malam: ba a ɗaga abin zuwa gobe ba, an ambaci ƙaramin abu don kada talaka ya ji kunya, kuma wani ya buɗe hanya a idon jama'a.

To kafin Juma'a ka yi magana da mutum biyu ko uku da za su fara. Ka sa mai karɓa a kowace ƙofa, da na'urar POS, da lambar asusun kwamitin masallaci a rubuce da manyan baƙaƙe, domin mutane da yawa yanzu ba sa yawo da tsabar kuɗi. Kada ka manta da ɓangaren mata. Ka faɗi abin da kuɗin zai saya: katan ɗaya na abincin tamowa, mai ƙunshi 150, yana kai yaro ɗaya ga warkewa cikin mako shida zuwa takwas, kuma kuɗinsa kusan dala 50 ne. Idan dala tana naira 1,500, misali, katan ya kama 75,000 ke nan. Mutum 300 kowa ya ba da 1,000 sun biya wa yara huɗu. Wannan lissafi mai kayan miya ma zai riƙe shi a kansa.

Abin da ke kashe karo na biyu shi ne shiru a kan karo na farko. Juma'ar da ta biyo baya ka karanta abin da aka tara, da inda aka tura, da ranar da aka tura, a manna rasit a allon sanarwa. Kuma kada ka zagaya da akwati kowane mako, mutane za su gaji. Ka tsayar da Juma'a ɗaya a wata, kowa ya san da zuwanta.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ga almajirai a ƙofar shagona, ga yara masu tamowa a asibitocinmu. Wane dalili zai sa in tsallake su in kai kuɗina Gaza? Kuma zakka ma tana halatta a fitar da ita waje?

Amsa: Alhaji, maganarka tana da tushe a shari'a. Da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu Yaman, cewa ya yi a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Shi ya sa a mazhabar Malikiyya ake raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da nan, wato abin da bai kai tafiyar ƙasaru ba, kimanin kilomita 80. Amma malaman ba su tsaya nan ba. Sun ce idan na nesa sun fi na kusa tsananin buƙata, to mafi yawanta su ake kai wa, a bar wani abu a gida. Idan buƙatar ɗaya ce aka kai nesa, ta isar amma da karhanci. Idan kuwa aka tsallake mabuƙata sosai aka kai wa waɗanda suka fi su sauƙi, ba ta isar ba. A Shekarar Toka, shekarar fari da yunwa ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa na wasu garuruwa, aka yi ta jigilar abinci zuwa Madina, ba wanda ya ce garuruwan nan ma suna da matalauta.

Yaya za a gane wanda ya fi buƙata? Akwai ma'auni. Hukumomin agaji ba sa cewa yunwa mai kisa ta sauka a wuri sai abu uku sun haɗu: gida ɗaya cikin biyar ba shi da abinci ko kaɗan, yara 30 cikin 100 sun kamu da tamowa mai saurin ramarwa, kuma mutum biyu cikin kowane 10,000 suna mutuwa kullum. An kai wannan a Somaliya a 2011, inda kimanin mutum 260,000 suka rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. An kai a Zamzam a 2024, an kai a birnin Gaza a watan Agusta 2025. Wurin da aka yi wa wannan hukunci ya cika sharaɗin da malamai suka gindaya.

Shawararmu ita ce zakkarka ta shekara, kashi 2.5 cikin 100, ka ba gida haƙƙinsa a cikinta, ko da hannunka ko ta Hukumar Zakka da Hubusi, ka ware kaso ga inda aka tabbatar da yunwa. Kuɗin turawa ka biya shi daga aljihunka, kada ka zaftare daga zakkar. Sadaka kuwa ba ta da iyakar gari. Abu ɗaya muke roƙo: wanda ya ce a fara da gida, to ya fara ɗin da gaske. Almajirin ƙofar shagon yana jira, kuma asibitin yara na Hasiya Bayero ba shi da nisa da Kwari.

Tambaya: Mu mata ne a wata Islamiyya a Hotoro. Mun tara buhu 14 na tufafin yara, da gwangwanayen madara, da magunguna da suka rage a gidaje. Ta ina za mu aika su Sudan?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Sai dai ku yi haƙuri da abin da za mu faɗa: kada ku aika ko ɗaya daga ciki.

Madarar gari ita ce mafi haɗari. A sansanin gudun hijira ba ruwa mai tsabta, ba itacen tafasa shi, ba sabulun wanke bulumboti. Uwa ta dama madara da ruwan rijiyar da ta gurɓata, jariri ya kamu da gudawa, ruwan jikinsa ya ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan gwangwani ya kusa ƙarewa sai ta tsinka ta da ruwa don ta kai, yaro ya rame. Kafin nan nononta ya ja baya saboda jaririn ya daina tsotso. Shi ya sa masu aikin agaji ke ciyar da uwar don ta ci gaba da shayarwa, su kuma keɓe madara ta musamman ga jariran da ba su da mai shayar da su, a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya.

Magungunan da suka rage a gida ba mai karɓarsu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin gudummawa ya isa da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace, kuma ya zama wanda aka nema. Wanda aka buɗe, ko ya sha zafin Kano a kan taga, ƙarshensa a ƙone shi, ƙonawar ma da kuɗi. Ku kai wa mai harhaɗa magunguna a asibiti ya tantance abin da za a zubar. Tufafi kuwa kuɗin mota da kwastan da ajiya ya fi ƙimarsu, kuma kowane buhu yana cin gurbin abinci a cikin motar da da ƙyar aka ba ta izinin wucewa. Mutanen Mudar an ba su tufa ne don suna tsaye a gaban masu bayarwa.

Ga abin yi. Ku zaɓi masu kyau ku yi gwanjo a harabar makaranta, kuɗin ku tura. Sauran ku kai gidan marayu ko ku raba a unguwa kafin sanyi. Madarar a yi kunu da ita ga yaran da suka wuce shekara ɗaya.

Kuɗin me zai saya a can? Haɗin nan na gyaɗa da ma'aikatan lafiya ke kira RUTF: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, madara, sukari, mai, da sinadaran gina jiki. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne. Ba a dafa shi, ba a zuba masa ruwa, ana yage bakinsa yaro ya tsotsa, kuma yana kai shekara biyu bai lalace ba. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, amma a nan maƙwabta, a Maraɗi, lokacin yunwar 2005, aka ga amfaninsa a kan dubban yara. Ana ba yaro ɗan wata 6 zuwa 59 wanda awon damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura har in an danna yatsa rami ya zauna. Wanda ya ƙi cin abinci ko yake da wata cuta a kai, kwantar da shi ake yi a fara da madara mai sauƙi da ake kira F-75, domin abinci mai nauyi farat ɗaya yana iya tsayar da zuciyar yaron da ya daɗe da yunwa. Wannan ma dalili ne na barin aikin ga masu shi. In kun ga ana sayar da ƙunshin nan a kasuwa ko a kanti, kada ku saya. Rabon wani yaro ne aka karkatar.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Kullum ana turo mana bidiyon yara da lambar asusu a WhatsApp. Yaya zan gane na gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da sunan da ke kan asusun. Idan ka sa lamba sunan mutum ya fito maimakon sunan ƙungiya, tsaya. Ƙungiyar da ke tara kuɗin jama'a a Nijeriya tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda za ka iya dubawa a shafinta kyauta, tana kuma da takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Sannan ka yi tambayar da 'yan damfara ba sa so: wa zai karɓi kuɗin a can, a wane gari, kuma ina rahoton abin da aka tara a baya? Hoton kuwa ka sa shi a Google Lens, manhajar binciken asalin hoto. Sau da yawa za ka tarar na Siriya ne ko Yaman na shekarun baya aka sauya masa suna. Mai cewa ka tura kafin magariba ko yaro ya mutu, yana so ne ya hana ka bincike.

Akwai kuma doka. Dokokin hana halatta kuɗin haram da na hana ɗaukar nauyin ta'addanci na 2022 ba sa duba kyakkyawar niyya kawai. Kuɗin da ya bi hannun da ba ka sani ba zuwa fagen yaƙi yana iya sa a rufe asusunka ko na masallacinku. Kada ku danƙa wa matafiyi tsabar kuɗin jama'a. Abin da ya haura dala 10,000 ma dole a bayyana shi a kan iyaka.

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ta masu ma'aikata da rumbuna a wurin: UNICEF, Hukumar Abinci ta Duniya, likitocin MSF, Red Cross da Red Crescent, UNRWA ga Falasɗinawa, da Islamic Relief wadda aka kafa a Ingila a 1984. Hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR tana da asusun zakka na musamman tun 2019. Ka rubuta adireshinsu da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka. Ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya biya waje, don tana canjawa. Kada kuma ka guji ƙungiya don ta ce tana cire wani kaso na gudanarwa, muddin ta bayyana shi. Mota tana shan mai, kuma ayar zakka da kanta, Tauba 60, ta ba ma'aikatanta rabo. Idan ku ɗalibai za ku tara da kanku, mutum uku su riƙe asusu, kuɗi kada ya fita sai da hannun biyu.

Tambaya: Ni shugabar zumuntar mata ce a wata majami'a a Sabon Gari. Idan na kawo maganar yaran Sudan ko Gaza, sai wasu su ce wannan matsalar Musulmi ce. Me zan ce musu?

Amsa: Mama, ki buɗe musu Luka sura 10. Wanda ya tsaya ya ɗaure raunukan mutumin da 'yan fashi suka yasar Basamariye ne, ba addininsu ɗaya ba, kuma tambayar da aka amsa da misalin ita ce, wane ne maƙwabcina? Taimakon na nesa kuwa tun farkon ikilisiya ake yinsa. A Ayyukan Manzanni 11, masu bi na Antakiya sun tara gudummawa saboda yunwa suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. A 1 Korintiyawa 16 Bulus ya ba da tsari: kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, kuma jama'a su zaɓi amintattun da za su kai. A 2 Korintiyawa 8 ya yabi mutanen Makidoniya da suka bayar cikin talaucinsu, ya kuma bayyana cewa ya haɗa wakilai ne don kada a sami abin zargi a kan kuɗin. Ki bi wannan tsarin yadda yake, ki tura ta hannun hukumar agajin ɗarikarku ko Caritas, hukumar agaji ta Katolika. Ki kuma tuna musu akwai Kirista a Gaza, da cocin Waliyyi Forfiriyus da cocin Iyali Mai Tsarki, kuma yaran Sudan ta Kudu da gabashin Kwango suna cikin irin wannan hali.

Maganar ta shafi 'yan'uwa Musulmi ma, domin muna jin irinta daga wancan ɓangaren idan aka ambaci Kwango ko Haiti. Zakka tana da mutanenta, amma sadaka tana halatta ga kowa. Mumtahana 8 ta buɗe ƙofar kyautatawa ga wanda bai yaƙe ku ba, Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da fursuna, kuma hadisi ya ce akwai lada a cikin kowace hanta mai rai.

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji huɗu zuwa shida a Kurna. Ya dace in nuna musu bidiyon yaran da ake kashewa don su ji tausayi?

Amsa: A'a, Malama. Gawa da jini tsoro suke sa wa yaro, wani ya kasa barci, wani kuma ya saba har abin ya daina taɓa shi. Su ma waɗancan yaran suna da mutuncin da ya kamata a rufa. Ki kawo taswirar Afirka, su bi hanya da yatsa daga Kano zuwa Fashir. Sannan ki yanka wa kowa takarda mai tsawon santimita 11.5, ya naɗe ta zobe ya manne bakin. Ki ce ya gwada sa ta a damtsensa, sannan ki gaya musu akwai ɗan shekara huɗu da hannunsa ke shiga ciki. Ki ajiye asusun ƙasa a aji, a fasa shi ƙarshen zangon karatu a gaban kowa, ɗalibai biyu su ƙirga su rubuta a allo. Ki sanar da iyaye da shugaban makaranta tun farko, kada ki yanka wa kowa adadi, kuma kada a kira sunan wanda bai kawo ba, domin a ajin naki ma akwai wanda ya fito gida bai karya ba.